Kafin Dutsen Ya Zama Na Faransa

Lahadi, 24 ga Agusta, 1947, bayan an tashi coci

Ni ce Serafina, matar marigayi Marcellino Poncet, ta ƙauyen Sarnas. Ba ni ke rubutawa ba. Celestino ne, maƙwabcina, wanda ya shekara talatin yana raba wasiƙa kafin ƙanƙara ta cinye masa ƙafa ɗaya. Ni hunturu biyu na yi a makaranta. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya yi mini kwalliya. Ya ce, "Wa zai ɓata lokaci ya yi wa tsohuwar alfadara kwalliya?" Na ce wannan ma ya rubuta, a san irin mutanen da suka rage mini.

Ga dalilin. Jiya wani Gildo, cikin masu yankan ƙarfen da ke kwashe tarkacen kagarar soja da ke kan dutsenmu, ya sauko ya tsaya bakin ƙofata yana murza hula. Ya ce ƙarƙashin hasumiya ta uku, inda ta rufta, sun ɗaga wani faifan ƙarfe sun ga takalmi, da abin da ke cikin takalmin. Ya mai da ƙarfen ya rufe. Ya ce, "Ban ce naki ne ba, Iya. Jamusawa ma sun zauna can ƙarshen yaƙi, su ma sun bar nasu."

Mutum tara suka mutu ranar da aka yi wa kagarar ruwan wuta, shekara bakwai ke nan. Takwas aka sauko da su. Na taran ɗana ne, Ottavio.

Ran sha biyar ga Satumba dutsen zai zama na Faransa. Manya sun zauna sun ja layi, ƙauyenmu ya faɗo nan, dutsen ya faɗa can. Kwana ashirin da biyu. Ina so ɗana ya kwanta kusa da ubansa kafin nan. Iyakar abin ke nan.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Na sauka bariki wajen kyaftin. Awa biyu a ƙafa, awa uku a kan benci. Gashin bakinsa ma bai gama fitowa ba. Ya ba ni kujera, ya ce sai an rubuta takarda zuwa birni, birni ya rubuta zuwa babban birni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwana nawa?"

Ya ce, "Wata uku, in an yi sa'a."

"To ran sha shida ga wata, dutsen na wa?"

Ya dubi tebur. Ya ce ya ji ana cewa za a sa nakiya a tashi sauran hasumiyoyin kafin ƙanƙara ta sauko. Hanya kuma a rufe take, an sa soja, ba mai hawa sai masu yankan ƙarfe. Na ce hanyar nan da bayana aka gina ta. Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsofaffi.

Talata, 26 ga Agusta, da safe

Na tatsi akuya. Ba wanda ya zo.

Laraba, 27 ga Agusta, da hantsi

Celestino ya ce tunda takarda na nan in faɗi yadda aka gina ta, don mutanen yanzu sun ɗauka daga sama ta faɗo.

Ina da shekara ashirin da biyu injiniyoyi suka zo suka fasa kan dutsen da nakiya har ya miƙe kamar tebur. Gicciye uku ne a kan hanyar hawa. Alfadarai ke kai kaya har na ukun. Daga nan ba inda kofato zai tsaya, sai mu mata. Siminti, yashi, har ruwa, don ko ɗigo babu a can sama. Kwando a baya, igiya a goshi. Sau biyu a yini, wata uku a shekara, sauran watannin ƙanƙara ce mai dutsen. Shekara takwas muka yi, ni da ƙanwata Zelia. A nan na haɗu da Marcellino yana jan alfadari. Ya ce na fi alfadarinsa ɗaukar kaya, kuma ban kai shi ci ba. Iyakar zancen so da kunnena ya taɓa ji ke nan.

Hasumiya shida, kowace da igwa a kanta, duk bakinsu na kallon Faransa. Wato suna kallon Pramurel, ƙauyen ƙetare, inda Zelia ta yi aure shekarar da aka gama ginin. Muna yi mata tsiya, "Ke da bayanki kika gina abin da zai harbe ki." Ta yi ta dariya. Harshenmu ɗaya da su, fadama ɗaya muke yankan ciyawa, jana'izarsu tamu ce.

A yaƙin farko gefe ɗaya muke da Faransa, aka kwance igwogin aka kai wani wuri. Wani hunturu cikin yaƙin nan ƙanƙara ta zabtaro ta tafi da Marcellino da alfadari biyu, yana kai abinci wa masu gadin kagarar da ba komai a cikinta. Daga baya aka dawo da igwogin. Ba wanda ya tambaye mu sanda aka ɗauke, ba wanda ya tambaye mu sanda aka mayar.

Ya isa. Hannun gurgun ya gaji, ya ce.

Juma'a, 29 ga Agusta, da azahar

Na je wajen Fada Eligio, limamin cocinmu. Ya ce ba zai buɗe kabarin Marcellino ya sa masa wanda ba a tabbatar ba. "In Bajamushe ne fa, Serafina?" Na ce zan gane shi da cokali.

Celestino ya ce in yi bayani. To. Tanderu ɗaya ne a ƙauye, sau ɗaya ake hura shi, a Nuwamba, kowane gida ya gasa baƙin burodin shekara guda. Don kada a ruɗe, kowa da hatiminsa. Namu na uwarmu ne, zane uku da gicciye. Da ta rasu ni na ɗauki hatimin, aka sassaƙa wa Zelia irinsa ta tafi da shi. Shekarar da na haifi Ottavio, Zelia ta kwanta zazzaɓi wata biyar, aka kawo mini jaririnta. Ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Da suka isa riƙe cokali Marcellino ya sassaƙa musu biyu daga ƙahon sa ɗaya, ya sa lambar gidan a kan kowanne. Na Ottavio lafiyayye ne, kullum a bakin takalmi yake soke shi, har a soja. Ɗayan ɓantare yake a gindi, don mai shi tun yana ƙarami ba ya kula da kaya.

Celestino ya ce, "Mai shi wa?"

Na ce rubuta abin da na faɗa.

Lahadi, 31 ga Agusta, da yamma

Celestino ya ce ba hanyar soja kaɗai ke kai mutum sama ba. Akwai ta awaki, ta wajen Pramurel. Na ce na sani, ni na fi shi sani. Ya ce ba zan iya ɗaga ƙarfen nan ni kaɗai ba, kuma gawa jininta ke ɗaukarta a baya, ba bare ba, ba alfadari ba, haka muka tarar. Ya ce jini namiji ɗaya ya rage mini a duniya. Sai ya kira sunan ɗan Zelia.

Shekara bakwai na faɗa wa ƙauyen nan, duk wanda ya kawo mini zancen gidan can zan fasa masa kai da tukunya. Na jefa. Tukunyar ba ta same shi ba, ƙofa ta samu.

Yana rubuta wannan a tsaye, ya ce daga yau in nemi wani.

Litinin, 1 ga Satumba, da safe

Ni ke rubutawa. Serafina. Ba wanda ya zo.

Talata, 2 ga Satumba, da rana

Na hau hanya. Soja ya mai da ni daga gicciye na farko. Ya ba ni ruwa.

Laraba, 3 ga Satumba, da yamma

Akuya ba ta ba da nono sosai ba. Na yi mata magana. Dutsen na nan.

Alhamis, 4 ga Satumba, da hantsi

Celestino ya dawo. Ya ce ya leƙo ne ya ga ko na mutu ya gaji akuyar. Ya duba abin da na rubuta, ya ce kamar kaza ta faɗa tawada. Na zuba masa miya, ya sha kwano biyu. Ba mu yi zancen tukunya ba.

Gildo ya aiko cewa ran goma za su tattara su sauka. Ya ce ya ɗora dutse uku a kan faifan don a gane wurin.

Asabar, 6 ga Satumba, da safe

Ƙanƙara ta yi wa kan dutsen fari-fari. Ta narke kafin rana ta yi tsaka, amma ta faɗi abin da ta zo faɗa.

Celestino ya tambaye ni burodin nan da ake ajiye mini kan itacen girki duk Nuwamba, mai zane uku da gicciye, wanda ba ni na gasa ba. Na ce alade nake bai wa. Ya ce rabona da alade tun kafin yaƙi. Na ce ya bar bakinsa ya huta.

Litinin, 8 ga Satumba, da yamma

Saura mako guda. Zan faɗi wannan sau ɗaya.

Watan Yuni ne, kwana goma sha ɗaya da shiga yaƙi. Ottavio na hasumiya ta uku, shi ke ɗura igwa. Hazo ya rufe dutsen kwana da kwanaki, ran nan ya yaye. Ina shanya kaya na ji harsashin igwa na farko. Ya faɗi nesa, cikin kwazazzabo. Na biyu ya matso. Na uku ya ƙara matsowa. Haka suka yi ta tahowa a hankali, kamar mai lalube. Da yamma hasumiya huɗu sun yi shiru.

Igwogin Faransa a bayan tudu suke, ba sa ganin kagara. Wani ne ya zauna a wani lungu yana kallo, yana gaya musu ta waya, ku ƙara gaba, ku ƙara hagu. Lungu ɗaya ne a duk dutsen nan da za ka ga hasumiyoyi shida, su ba sa ganinka. Can muke fakewa da ni da Zelia in iska ta taso. Na kai yaran nan biyu can wata rana suna da shekara tara, muka ci cuku.

Mutum huɗu suka san lungun. Zelia tun lokacin ƙafarta ba ta hawa. Ɗaya yana ƙarƙashin hasumiya. Ɗaya ni ce.

Kada ka dube ni haka, Celestino. Rubuta ka tashi.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

A wajenmu in an yi mutuwa ba a aika wasiƙa wa dangi, hatimin burodi ake aikawa. Wanda ya gan shi ya san ana neman bayansa. Na naɗe nawa a tsumma na ba matar nan mai kai gishiri ƙetare, na ce ta miƙa a gidan Zelia. Ta ce, "Me zan ce?" Na ce ba komai. Ta tsaya tana kallona kamar tana da magana, sai ta tafi.

Laraba, 10 ga Satumba, da yamma

Masu yankan ƙarfe sun sauka. Ba wanda ya zo.

Alhamis, 11 ga Satumba, da yamma

Ba wanda ya zo. Na share ɗaki sau biyu.

Juma'a, 12 ga Satumba, da rana

Na sauko da tsohon kwandona daga rufi, na sake masa igiya. Na wanke zanen gadon aurena. Gobe zan hau, ko da kowa ko ba kowa. Celestino ya ce da yana da ƙafa biyu. Na ce da kana da biyun ma surutu za ka yi mini a hanya. In ban dawo ba akuya tasa ce.

Lahadi, 14 ga Satumba, da la'asar

A kwance nake faɗar wannan. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Jiya gari na wayewa na buɗe ƙofa, ga ɗan Zelia zaune kan itacen girki, da shebur da ƙarfen ɗaga dutse. Kansa ya yi fari, shekara talatin da tara. Ya miƙe ya cire hula ya ce, "Inna." Ya miƙo mini hatimina. Na karɓa na ajiye, na ɗauki kwando na wuce gaba.

Awa uku muna hawa. Da muka haye zuwa gefensu na hango hayaƙin Pramurel, bakina ya yi magana ban sa shi ba. Na ce, "Uwarka ta ga hatimin?"

Ya tsaya. Ya ce, "Shekara biyu ke nan, Inna. A watan Mayu. Na ɗauka an gaya miki."

Na ce, "Burodin bara fa? Da na wancan baran?"

Ya ce, "Ta ce kada a daina."

Na gyara igiyata muka ci gaba.

Hanyar awaki ta lungun take bi, ba wata. Da muka iso ya juya fuska ga dutse ya wuce da sauri. Ni na tsaya na duba. Ana ganinsu ras, duk shidan, kamar haƙoran tsoho.

Rana ta yi tsaka muka kai. Ba kowa sai iska da baƙin tsuntsu. Ga dutse ukun Gildo. Ya sa ƙarfe ya ɗaga faifan, ya yi ta haƙa da hannu, ya ƙi sa shebur. Ni ina shimfiɗa zane. Riga ta zama ƙasa, ba a gane ta wane soja ce. Takalmi kuwa takalmi ne. Na sa hannu a bakin na dama na zaro cokalin ƙaho. Na goge da yawu. Zane uku da gicciye.

Sai na juya shi. Gindin ɓantare.

Na ce, "Wannan ba cokalin ɗana ba ne." Kaina ya ɗaure. Na ce ko wani ne ya tsinta a wani wuri, ko Bajamushe ne ya sato a Pramurel. Na fara naɗe zanena. Fada ya ce sai an tabbatar, ni kuma ba zan kwantar wa Marcellino baƙo ba.

Ya ce, "Nawa ne, Inna."

Na ce, "Na san naka ne. Me ya kawo shi nan?"

Ya ce mako biyu kafin yaƙi sun haɗu a kan iyaka, kowa cikin kayan sojansa, suka zauna suka ci abinci. Ottavio ya ce tunda shi ne babba da kwana tara, bari ya riƙe mai ɓantaren, don in ya bar wa wannan sakaran sai ya ƙarasa shi. Suka yi musaya. Ya sa hannu cikin riga ya fito da ɗayan. Lafiyayye, ya yi sulɓi don taɓawa.

Ba mai shaida. Maganarsa ce kawai, ta mutumin da na shekara bakwai ban kira sunansa ba. Na dubi cokulan, na dube shi. "Sakarai" kuwa kalmar Ottavio ce, tun suna rarrafe da ita yake kiransa.

Ya ce, "Inna, ran nan, an ce mini hasumiya ta shida yake. Na yi ta..."

Na ce, "Ban tambaye ka ba. Miƙo mini kan, a hankali."

Muka naɗe shi a zane muka sa a kwando. Da can na ɗauki siminti a kwandon nan wanda ya ninka shi nauyi sau uku. Na ce ta babbar hanya za mu sauka, wadda na gina. Na kai shi gicciye na uku, muka sauke muka yi addu'a kamar yadda ake yi. Da na zo miƙewa gwiwa ta ƙi. Na gwada sau biyu. Yana tsaye hannunsa a baya, bai matso ba.

Na cire igiyar daga goshina. Na ce, "Zo ka ɗauki ɗan'uwanka."

A gicciye na farko ga sojan da ya ba ni ruwa. Ya dubi kwando, ya dubi Bafaranshe ba takarda. Ya cire hula, ya juya yana kallon wani gajimare har muka wuce.

Litinin, 15 ga Satumba, da rana

An binne shi ƙarfe goma. Fada ya duba cokula biyun, ya sa aka buɗe kabarin. Mai ɓantaren na sa a akwatin, tunda shi ya zaɓa. Ɗayan na mayar wa mai riƙe da shi. Mutum goma sha ɗaya suka zo, har da gurgu.

Dutsen ya zama nasu yau. Na leƙa, ban ga ya sake ba.

Talata, 16 ga Satumba, da safe

Ɗan Zelia ya koma jiya kafin a sa shinge. Gidan shiru. Na tatsi akuya.

Celestino, rubuta wannan da kyau, shi ne na ƙarshe.

Gildo yana bina cuku guda, a aika masa. Sojan gicciye na farko yana bina kofin ruwa, ban san sunansa ba, duk wanda ya zo da ƙishi a ba shi.

Kai kuma ina binka maganar mutuwar ƙanwata, shekara biyu kana zaune a kanta. Ka ce tukunya ka ji tsoro. To, kana bina kan da na so fasa maka. Mun yi daidai. Akuya taka ce bayan raina, ba kafin ba.

A rufi, bayan buhun dankali, akwai burodi bakwai. Ba alade. Ban ci ba, ban mayar ba. Burodi ba a karɓa a ƙi ramawa. Biyu na ƙarshen, in an hura tanderu a Nuwamba zan gasa da hannuna, a kai Pramurel, ko da takarda ko ba takarda. Rubuta sunansa. Honoré. Da kyau, ba irin rubutuna ba.

Biyar na Zelia ne. Waɗannan ba inda zan kai su. A bar su a rubuce.